Murhun Itace a Cikin Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tazarar Bango da Kariyar Zafi a Gidajen Jos

Wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ba sai an ba shi labarin sanyi ba. Garin na zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma in hunturu ya kankama akwai daren da ma'aunin zafi na Celsius kan faɗo ƙasa da digiri 10. Ga kuma sanyin damina na Yuli da Agusta mai shiga ƙashi. Shi ya sa Turawan haƙar kuza suka riƙa gina gidajensu da wurin hura wuta a falo da doguwar hanyar hayaƙi ta bulo, har yau ana ganin irinsu a tsofaffin gidaje. Yanzu da lantarki ba shi da tabbas, gas kuma ya yi tsada, akwai masu komawa ga murhun ƙarfe rufaffe mai ƙofa da bututun hayaƙi. Wasu na waje suke samowa, wasu kuma mai walda ke ƙera musu.

Yawancin awon da za ku gani a nan daga ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka ce, wato NFPA, mai lamba 211. Da inci aka rubuta ta, na haɗa da santimita. In murhunka na kamfani ne kuma ya zo da takardar da ta faɗi nasa awon, to takardar ce gaba da duk abin da na faɗa.

Malam, tazara nawa zan bari tsakanin murhu da bango?

In bangon abin da ke cin wuta ne, ko akwai abin da ke cin wuta a jikinsa ko a cikinsa, ka bar inci 36, wato kimanin santimita 91, ta baya da ta gefe da ta sama. A sauƙaƙe, ƙafa uku. Bututun hayaƙi mai fata ɗaya, wato na faranti guda da ba a rufa masa wani a kai ba, kuma yana son inci 18, kimanin santimita 46, daga kowane irin katako, roba ko yadi.

Daga jikin murhun ake fara awo, daga inda ya fi turowa, zuwa abin da ya fi kusa da shi mai iya kamawa. Wannan awon na murhun da ba a gwada shi a ɗakin gwaji ba ne, kuma duk murhun da aka ƙera a shagon walda yana cikin wannan rukuni, komai kyawun hannun maƙerin.

Bangona na bulo ne da siminti. Ai bulo ba ya cin wuta, ko?

Gaskiya ne, ba ya ci. A nan gidajenmu suka fi na Turai da Amurka sauƙi, domin nasu galibi katako ne a cikin bango. Amma kafin ka ce naka bulo ne zalla, tsaya ka dubi bangon da kyau.

Akwai wayar lantarki a ciki? Masu wayarin a nan cikin bututun roba suke binne waya a bango, kuma robar PVC tana fara laushi tun zafi bai wuce digiri 80 ba. In akwai soket ko makunnin fitila a bayan inda kake son kafa murhun, akwai waya a wurin. Sai katakon da ake zagaya gindin bango da shi, da firam ɗin taga ko na ƙofa, da sandar labule, da takardar ado da ake mannawa, da allunan roba ko na soso da ake ƙawata falo da su yanzu. Kowanne daga cikinsu ya mai da bangonka mai cin wuta a wajen lissafi.

Sannan ka zagaya ɗaya ɗakin ka ga abin da ke jingine da bayan bangon. Bulo mai inci 6 rami ne a cikinsa, fatarsa ba ta da kauri, kuma zafin da ya yi awa biyar ko shida yana dukan sa zai ratsa. Sau da yawa abin da ke can bayan shi ne wadirob ko kan gado.

Ginin ƙasa irin na tsofaffin unguwanni kamar Gangare yana jure zafi sosai saboda kaurinsa, sai dai akan sami azara ko katako a binne a ciki, musamman a saman ƙofa da taga da inda rufi ya zauna.

In ka bincika ka tabbatar babu ko ɗaya, za ka iya matso da murhun. Duk da haka ni ba na son a manna shi da bango. Ka bar santimita 15 zuwa 30, don iska ta zagaya ta ɗauko ɗumin zuwa cikin ɗaki, don filasta kada ta tsage, kuma don tsintsiya ta samu shiga.

Ta yaya katako zai kama alhali harshen wuta bai taɓa shi ba?

Jikin murhun ƙarfe da ke ci sosai yakan kai digiri 200 zuwa 350, yana kuma feso zafin nan kai tsaye ga duk abin da ke fuskantarsa, ko babu iska ko kaɗan. Sabon katako sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 yake kamawa. Amma katakon da ake gasawa kullum, dare bayan dare, hunturu bayan hunturu, yana bushewa ƙayau, launinsa ya yi duhu, a hankali ya riƙa komawa dangin gawayi. In ya kai wannan matsayi, zafin da bai kai rabin na farko ba ma yana iya tayar da shi.

Abin da ke yaudarar mutane ke nan. Sai ka ji an ce, "Ai shekara uku muna hura shi a haka, ba abin da ya faru." Shekara ukun nan su ne suka gasa katakon. Kuma irin wannan wuta a ɓoye take farawa, a bayan allo ko cikin silin, tana cin ciki ba harshe, galibi bayan an kwanta.

Ɗakina sha biyu sha biyu ne. In na bar ƙafa uku ta ko'ina, ina za mu zauna?

A nan kariya take shigowa, kuma yadda ake yin ta ya fi abin da ake yin ta da shi muhimmanci.

Ka samu farantin ƙarfe mai geji 24, kaurinsa kimanin milimita 0.6. A kafa shi a gaban bango, amma kada ya taɓa bangon: a bar sararin inci ɗaya, santimita 2.5, a tsakaninsu. A ɗaga shi daga ƙasa da inci ɗaya, a bar samansa a buɗe, gefunan ma in da hali. Abin da ke faruwa shi ne, farantin ya ɗauki zafin murhu, iskar da ke bayansa ta yi ɗumi ta hau sama ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Haka za ta yi ta gudana muddin wuta na ci, bangon kuma yana nan da sanyinsa. Iskar nan mai wucewa ita ce kariyar. Ƙarfen hanya kawai ya yi mata.

Da irin wannan kariya ana rage tazarar bango da kashi biyu cikin uku. Inci 36 ya koma 12, kimanin santimita 30. Ba a sauka ƙasa da haka, ko kariya nawa ka jera. Bututu kuma daga inci 18 ya koma 6, santimita 15. Ta sama kuwa rabi kawai ake ragewa, domin can zafi ke taruwa: murhu inci 18 daga silin mai kariya, bututu inci 9.

Abin da zai riƙe farantin nesa da bango dole ya zama wanda ba ya ci. Mafi sauƙi shi ne mai walda ya yanko maka guntayen siririn bututun ƙarfe masu tsawon inci ɗaya, a zura noti ta cikinsu zuwa bango. Kada a yi amfani da guntun katako. Kada kuma a sa noti daidai tsakiyar bayan murhu ko bayan bututu, inda zafi ya fi ƙarfi, domin ƙarfen notin zai kai zafin cikin bango. A jera su ta gefe-gefe.

Wanda ya fi son gini yana iya tayar da siririn bangon jan bulo mai kaurin inci uku da rabi. In an bar masa sararin iska a baya, da ƙofofin iska a layin ƙasa da na sama, shi ma yana rage kashi biyu cikin uku. In kuwa birkila ya manna shi da bangon, kashi ɗaya cikin uku kawai ka samu, wato inci 24.

To in na manna tayil, ko na buga kwano a jikin bangon kai tsaye fa?

Ka yi ado, ba ka yi kariya ba. Tayil da kwano ba sa ci, amma zafi yana ratsa su cikin 'yan mintoci ya isa ga abin da ke bayansu. Sun ma ƙara maka matsala, tunda yanzu katakon na gasuwa a inda ido ba ya gani. Allon filasta na zamani da ake yanka ɗaki da shi ma haka: in a kan katako aka buga shi, a lissafa shi cikin masu cin wuta.

In kana son kyan tayil, ka manna shi a kan allon siminti, sannan a kafa allon da sararin inci ɗaya a bayansa kamar yadda aka yi wa ƙarfe.

Yaya girman kariyar zai kasance?

A nan ake yawan yin ƙoro. Mutum ya yanko faranti daidai faɗin murhu ya ce ya gama, alhali zafi ba a miƙe kawai yake tafiya ba, yana bazuwa ta kowace kusurwa.

Ka yanki igiya mai tsawon santimita 91. Ka riƙe bakinta ɗaya a kusurwar murhun, ka ja ɗaya bakin zuwa bango, ka zagaya da shi hagu da dama da sama kana sa alama da alli. Duk inda igiyar ta iya taɓawa, kariya ta rufe wurin. Ka maimaita da igiyar santimita 46 a tsawon bututun.

Ga misali. Murhu mai faɗin santimita 50 da tsayin 70, an ajiye shi santimita 30 daga bango. Igiyar za ta kai wajen santimita 86 ta kowane gefe, haka ma ta sama. Kariyar ke nan za ta kai faɗin mita 2.2 da tsayin fiye da mita ɗaya da rabi, ban da abin da bututu zai ƙara. Farantin kasuwa mai ƙafa 4 da ƙafa 8 guda ɗaya ba zai isa ba, sai biyu a tsaye gefe da gefe. Mutane kan yi mamakin wannan girma, amma haka lissafin yake. In a lungu za a kafa murhun, bango biyun duka sai an yi musu.

Wani dattijo ya ce in nemi tsohon allon asbestos, wai wuta ba ta cin sa.

Baba ya yi gaskiya, wuta ba ta cin sa, kuma a da da shi ake yi. Sai dai ƙurarsa in an yanka ko an huda tana maƙalewa a huhu, tana jawo ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. A bar shi. In silin ɗin gidanka na asbestos ne, irin na gidajen da, kada a sa masa zarto ko injin yanka don fitar da bututu.

Allon siminti na zamani ko farantin ƙarfe sun wadatar. In ana buƙatar abin cushewa, audugar dutse ake nema, wato wadda ake yi da narkakken dutse, ba ta cin wuta. Soso da katifa da kwali kuwa ko kusa.

Ƙasa fa? Daɓen siminti gare ni, da leda a kai.

Daɓen siminti ko tayil a kan siminti ba shi da matsala. Ledar ce matsala, da kafet da darduma da tabarmar roba. A yanke su, a bar fili tsirara na aƙalla inci 18, santimita 46, ta kowane gefen murhun. Ta gaban ƙofa ni nakan so a ƙara, domin nan garwashi ke gangarowa in an buɗe, kuma itacen turare da ya yi yawa a Filato yana da tartsatsi. Ɗora faranti a kan leda ba ya hana ta narkewa a ƙasa.

Wanda ke da daɓen katako, kamar a wasu tsofaffin gidaje ko bene, sai ya dubi ƙafafun murhun. In sun wuce inci 6, a shimfiɗa bulo mai kaurin inci 2 a matse, a rufe da farantin ƙarfe. In tsakanin inci 2 da 6 suke, sai bulo mai rami na inci 4, a jera ramukan su fuskanci juna don iska ta ratsa, sannan faranti a kai. Murhun da ƙafarsa ba ta kai inci 2 ba, ba a ɗora shi a kan katako sam.

Ta ina zan fitar da bututun? Kafinta ya ce a huda silin a wuce da shi sama.

In da za a ce in zaɓi tambaya ɗaya a duk shafin nan, wannan zan ɗauka. A gidan bulo, bango kan yafe kuskure. Silin ba ya yafewa.

Ka tuna abin da ke saman kanka. Silin na roba, ko na kwali, ko na filasta da aka rataya a jikin katako. A samansa akwai katakan rufi da suka shekara suna bushewa a ƙarƙashin kwano, ga wayoyin lantarki a shimfiɗe, ga ƙurar hunturu, ga yanar gizo-gizo da sheƙar tsuntsu da tarkacen da ɓera ya tara. Cikin wannan wuri ne ake son a wuce da bututun da ke iya yin ɗaruruwan digiri, a inda babu mai leƙawa.

Bututu mai fata ɗaya ba ya ratsa silin, ba ya ratsa cikin rufi, ba ya bi ta cikin wadirob ko wani ɓoyayyen wuri. Aikinsa ya ƙare a cikin ɗakin da murhun yake, inda ido ke ganin sa. Naɗe shi da kwano ko cusa yashi a gefen hudar ba ya canza wannan hukunci.

Hanyoyi uku ne masu kyau. Ta farko, bututu mai fata biyu da audugar dutse a tsakani, na kamfani, wanda aka yi don wannan aiki. Irinsa galibi inci 2 yake nema daga katako, kuma yana zuwa da abin riƙe shi a silin da abin rufe hudar kwano. Ta biyu, a gina hanyar hayaƙi ta jan bulo tun daga ƙasa har ta fice rufi, irin ta gidajen Turawan kuza, a bar inci 2 tsakaninta da kowane katako, a shafe cikinta sumul ba tsaga. Ta uku, wadda ta fi sauƙi a gidajenmu, a huda bangon bulo a fitar da bututun waje, sannan ya hau sama ta waje.

Ta ukun nan tana da nata sharuɗɗa. Hudar ta kasance aƙalla inci 18 ƙasa da silin. A sa wani bututu mai faɗi a cikin hudar, na hayaƙin ya ratsa ta cikinsa, don ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi kuma zai tsaga siminti in an kama shi ƙam. A waje kuma, ka ɗaga kai ka dubi bakin rufi: akwai allon katako a wurin, sau da yawa da silin roba a ƙarƙashinsa. Bututun ya kauce musu da inci 18, ko a yi musu kariya. Sannan bututu mai fata ɗaya in yana waje cikin sanyin Jos, hayaƙi na hucewa a cikinsa, ya daina ja da kyau, ya riƙa tara baƙin kwalta. Don haka ɓangaren waje ya fi kyau ya zama mai fata biyu.

In ba za a iya ɗaya daga cikin ukun nan ba, a haƙura da murhun. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsayin bututu da yadda ake haɗa shi?

Bakinsa ya wuce inda ya fito daga rufi da ƙafa 3, kuma ya ɗara duk wani abu da ke cikin ƙafa 10 kusa da shi da ƙafa 2, ko tsororuwar rufi ce ko tankin ruwa. A tudu irin na Jos iska ba ta kai ta gangare nauyi ba, jan hayaƙi yakan ɗan yi rauni, don haka gara ya yi tsawo da ya gaza. A sa masa hula saboda ruwan sama.

Inda ya kwanta, ya zama gajere, kuma ya riƙa hawa da kimanin santimita 2 a kowace mita. Gwiwa kada ta wuce biyu. A kowace mahaɗa, na sama ne ke shiga cikin na ƙasa, don kwaltar da ta narke ta gangara cikin murhu maimakon ta zubo ta waje. A ɗaure kowace mahaɗa da sukuru uku. Faɗinsa kuma kada ya gaza bakin da ke jikin murhun.

Baƙin ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa ake amfani da shi. Farin bututu mai rufin zinki yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi in ya yi zafi sosai. Alminiyom kuwa yana narkewa a digiri 660, in kuma kwaltar cikin bututu ta kama da wuta, zafin yana iya wuce 1,000.

Mai walda zai yi mini da tsohuwar tukunyar gas ko duro. Akwai laifi?

Haɗarin farko a shagon yake: tukunyar gas ko duron mai da ba a wanke aka cika da ruwa ba yana iya fashewa da an sa masa wuta. Maƙerin kirki ya san wannan.

Duro fatarsa siririya ce, yana yin ja da wuri, yana kuma cinyewa. Murhunan kamfani da farantin milimita 5 zuwa 6 ake yin su. Ka roƙi ƙafafu masu tsayi fiye da inci 6, da ƙofa mai rufuwa ruf da sakata, da ƙaramar tagar iska da za a iya buɗewa da rufewa. A shimfiɗa yashi ko bulon wuta a cikinsa. Hurawar farko a tsakar gida za a yi ta, har fenti da maiƙo su ƙone su gama wari.

Na riga na kafa nawa. Yaya zan gane ko bangon na shan zafi fiye da kima?

Ka hura wuta sosai ta yi awa biyu ko uku, sannan ka ɗora tafin hannu a bangon, a bayan kariya in hannu na shiga, da silin kusa da bututu, da bayan bangon ta ɗaya ɗakin. In ba za ka iya barin hannunka a wurin ba, ya yi yawa. A gwajin da ake yi wa murhunan kamfani a Amurka, ba a yarda bangon da ke fili ya ɗara zafin ɗaki da fiye da digiri 65 ba, ɓoyayyen wuri kuma digiri 50. Na'urar auna zafi mai kama da bindiga tana taimakawa, amma ta masu gyaran inji, domin irin wadda aka yi ta ɗora wa mutane a goshi a 2020 zafin jiki aka yi ta dominsa.

Ido da hanci ma suna faɗa: fenti ya kumbura ko ya yi rawaya, silin roba ya lanƙwasa, katako ya yi duhu, ko ana jin ƙauri in wuta ta yi ƙarfi. Katakon da ya riga ya yi duhu a cire shi, kada a rufe shi da faranti a bar shi a wurin.

Malam, ni damuwata yara ne da shanya. Da damina kayan makaranta ba sa bushewa.

Hajiya, ƙafa ukun nan ba ta bango kaɗai ba ce. Ta shafi kujerar kushin, katifa, labule, gidan sauro, kwandon kaya da tulin itacen da za a hura. Ki ja layin mita ɗaya a zagaye da murhun, ya zama ba abin da ke tsallaka shi. Labule ki auna shi a inda iska ke kai shi in an buɗe taga.

Shanya a yi ta a bayan layin, a kan abin da ba zai faɗi ba. Kada a ɗaura igiya ta bi ta saman murhu, kada a rataya komai a bututu. Yara kuwa a sa mai walda ya yi shingen ƙarfe mai ƙofa, a ɗaure shi da bango yadda mai rarrafe ba zai ture shi ba. Tukunyar gas, galan ɗin fetur na janareta da kalanzir su bar ɗakin gaba ɗaya, kuma ba a tayar da wutar murhu da ɗayansu.

Toka a kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye a waje a kan siminti. Garwashi na iya kwana biyu ko uku da rai a cikinta.

Za mu iya rufe ƙofa da taga mu kwana da wuta?

Wuta na cin iskar ɗaki. In an toshe ko'ina, har da tsumma a ƙasan ƙofa kamar yadda ake yi da hunturu, murhun zai rasa iska, hayaƙi ya dawo ciki. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke kashe masu kwana da kaskon gawayi ko janareta a ɗaki. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya.

A bar wata kafa ta iska a buɗe kullum. A sayi ƙararrawar da ke gano wannan iska, mai aiki da batir, a haɗa da ta hayaƙi. A ra'ayina murhu a falo ya kamata ya zauna, ba a ɗakin kwana ba, kuma a bar wutar ta cinye kafin a kwanta. In mutum biyu a gida suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, a fita waje tukuna, a nemi asibiti.

Ni a ɗakin 'yan tsaki nake son sa shi.

Awon bai canza ba, haɗarin ne ya ƙaru: ƙasa dusar katako, bango leda ko buhu, rufi gajere, ga ƙura. A ɗora murhun a kan dakalin bulo, a share dusa mita ɗaya a zagaye, a kewaye da ragar ƙarfe, bututu ya fita ta cikin faranti mai faɗi nesa da ledar. Tsakin ma iskar nan mai guba tana kashe su.

Gidan haya nake.

Ka nemi izinin mai gida kafin ka huda bango ko rufi, kuma a rubuce. A gidan da ɗakuna ke jere ƙarƙashin rufi ɗaya, cikin silin a haɗe yake daga farko har ƙarshe, wutar da ta tashi a naka ta kowa ce. Ka duba kuma kada bakin bututunka ya zuba hayaƙi a tagar maƙwabci.

Sau nawa ake share bututu, kuma me zan yi in ya kama?

Ka duba cikinsa kafin sanyi ya shigo, sannan kowane wata muddin ana hurawa. In baƙin da ya taru ya kai kaurin milimita 3, a kwance a goge da burushin waya. Ɗanyen itace da wutar da aka shaƙe tana ci a hankali su ne ke tara shi. Itacen da aka faskara ya bushe sosai, ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, shi ake so. Za ka gane shi da tsagewar baki, da rashin nauyi, da ƙarar da yake yi in an gwara biyu. Guntayen katako masu fenti, filawud, roba da leda ba na murhu ba ne.

In bututu ya kama za ka ji yana ruri, yana karkarwa, wani wuri ya yi ja, tartsatsi na fita ta sama. Ka rufe ƙofar murhu da tagar iskarsa, ka fitar da kowa, ka kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Kada ka watsa ruwa a jikin murhu mai zafi, tururin zai ƙona ka, ƙarfen zubi kuma yana iya tsagewa. Ko wutar ta mutu da kanta, sai an hau an leƙa cikin silin an taɓa katakan da ke kusa, kuma ba a sake hurawa sai an kwance bututun an duba kowace mahaɗa.